Martani: A Ƙirga Wa Daraktoci Ƙofofin Da Suka Kwana A Buɗe

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa kuma abokin sana'a ya fitar kwanakin baya, inda ya yi bayanin irin rahoton tsaron intanet da ya kamata a riƙa gabatar wa kwamitin daraktocin kamfani. Mutum ne da na daɗe ina ƙaruwa da alƙalaminsa, shi ya sa sai da na karanta sau biyu kafin na yanke shawarar mayar da martani. Malam ya ce daraktoci dattawa ne masu hidimomi da yawa, ba su karanci kwamfuta ba, saboda haka shafi ɗaya ya ishe su. A shafin nan ya ba da shawarar a sa abubuwa huɗu: yawan hare-haren da aka tare cikin wata uku, kason ma'aikatan da suka yi horon wayar da kai, kason kwamfutocin da aka yi wa faci, wato aka toshe ɓarakar manhajarsu, da takardun shaidar bin ƙa'ida da kamfani ya samu. Kowanne a shafa masa launi, kore ko rawaya ko ja, sannan a haɗa su a fitar da maki ɗaya. Ya rufe da cewa aikin shugaban sashen tsaro shi ne ya kwantar wa manya da hankali, kada ya shiga ɗakin taro yana ba su tsoro.

Maganar shafi ɗaya ban ja da ita ba. Na ga rahotanni masu shafi arba'in waɗanda babu daraktan da ya wuce shafi na uku, kuma ban ga laifinsu ba. Inda muka raba gari da Malam shi ne abin da ya zuba a shafin. Alƙaluman nan huɗu gumin ma'aikatan tsaro suke aunawa. Daraktoci kuwa amanar dukiyar masu hannun jari da bayanan abokan hulɗa ce a wuyansu, abin da suke buƙatar sani shi ne ta ina za a iya cutar da kamfani, in an cuce shi yaushe za a gane, kuma kwana nawa zai yi a kwance. Babu ɗaya cikin huɗun da ke amsa wannan.

Mu fara da wanda ya fi cika ido, wato yawan hare-haren da aka tare. Duk na'urar da aka jona da intanet, ko ta banki ce ko ta ɗan ƙaramin shago, ba ta daɗewa sai an fara ƙwanƙwasa mata ƙofa. Yawancin masu ƙwanƙwasawar manhajoji ne da aka saki suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, suna taɓa kowane ƙyaure ko za su dace da wanda ba a sa wa sakata ba. Katangar tsaro tana mayar da su, tana kuma rubuta kowane taɓi a matsayin hari. A watan Maris na 2023, ministan sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Pantami, ya sanar cewa an ga hare-hare kusan miliyan 13 a kan hanyoyin intanet na Najeriya a 'yan kwanakin zaɓen shugaban ƙasa. A matsayin labari ga jama'a adadin ya yi amfani, don ya nuna wa mutane cewa abin ba wasa ba ne. Amma a ɗauko irinsa a ajiye gaban darakta, me zai yi da shi? In bara miliyan 2 ne, bana miliyan 3, murna zai yi an ƙara tarewa, ko damuwa zai yi an ƙara kawo hari? In adadin ya sauko zuwa 500,000, ɓarayin ne suka gaji, ko na'urar da ke ƙirgar ce ta mutu?

Wannan ta ƙarshen ta taɓa faruwa a zahiri. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tara bayanan bashin jama'a, yana da na'urar da aikinta shi ne leƙa abin da ke shiga da fita a hanyoyinsa. Wa'adin shaidar da na'urar ke buƙata don buɗe saƙonnin da aka kulle ya ƙare, aka yi wata da watanni ba wanda ya sabunta. Na'ura tana kunne, amma ba ta gani. Masu kutse suka shiga ranar 13 ga Mayun 2017, suka yi kwana 76 suna jidar bayanan mutane kimanin miliyan 147. Ranar 29 ga Yuli da aka sabunta shaidar, nan take aka ga ɓarna tana fita. Da a cikin kwanakin nan an kai wa daraktoci adadin 'yan ƙwanƙwasar da aka mayar, da sun ga lamba mai ƙiba sun koma gida hankali kwance. Makiyayi in gari ya waye shanunsa yake ƙirgawa, ya zagaya ya duba inda shinge ya karye. Ban taɓa jin wanda ya je wa mai dukiya da yawan kukan kurar da ya ji cikin dare a matsayin lissafin garke ba.

Ni ma'aunina mai sauƙi ne. Duk lambar da za ta hau shafin daraktoci, a tambaya: in ta tashi wane hukunci za su yanke, in ta faɗi wane hukunci? In amsar ita ce za su gyaɗa kai su wuce, to wurinta ɗakin injiniyoyi.

Kason kwamfutocin da aka yi wa faci ya fi na farko ma'ana, sai dai yadda Malam ya tsara shi yana lulluɓe daidai abin da ake nema. A ce kamfani yana da na'urori 5,000, aka rubuta an yi wa kashi 98 cikin 100 faci, aka shafa kore. Saura 100 ke nan. Su waɗanne ne? In kwamfutocin ɗakin horo ne da ba su haɗu da komai ba, da sauƙi. In a cikinsu akwai wadda ke fuskantar intanet kuma take da hanya zuwa asusun jama'a, to kashi 98 ɗin bai tsare komai ba. Wanda ya yi wannan aiki ya san waɗanda ake bari a baya galibi tsofaffin manhajoji ne masu muhimmanci, waɗanda kowa ke tsoron taɓawa kada aiki ya tsaya a ce shi ne. Masu sauƙi ake fara gamawa, su ne ke cika kason. A Equifax ɗin dai, an bayyana ɓarakar manhajar Apache Struts ranar 7 ga Maris, ranar 9 aka aika wa ma'aikata saƙon a yi faci cikin awa 48, ranar 15 aka bi na'urori da manhajar bincike ba ta nuna komai ba. Shafin karɓar ƙorafin jama'a, wanda ke ɗauke da ɓarakar, ya tsallake duka, kuma ta nan aka shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsaga ɗaya kuwa ta ishe shi. Sannan kashi 98 ɗin na me ne? Na na'urorin da aka san da su. Binciken da majalisar dokokin Amurka ta yi daga baya ya gano kamfanin ba shi da cikakkiyar rajistar kayansa, abin da ba ya cikin rajista kuwa ba ya shiga lissafi.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta fi ta tsawo a takarda ba. A 2024 kaɗai an wallafa ɓarakokin manhaja sama da 40,000, babu kamfanin da zai toshe su duka. Amma tun Nuwamban 2021 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, take fitar da jerin ɓarakokin da aka tabbatar masu kutse suna amfani da su, kuma zuwa ƙarshen 2024 jerin bai kai 1,300 ba. Kowa yana iya duba shi kyauta. To a gaya wa daraktoci: cikin waɗannan, guda nawa ne har yanzu a buɗe a na'urorinmu masu fuskantar waje, kuma wadda ta fi daɗewa kwananta nawa? A ce an rubuta uku ne, ɗaya ta kwana 64 saboda ɗan kwangilar manhajar bai kawo gyara ba. Wannan magana ce da dattijo zai kama. Zai iya cewa a kirawo ɗan kwangilar, ko a fitar da kuɗin canji, ko a kashe na'urar har sai an gyara, ko kuma ya ce mun ji mun yarda za mu jure zuwa wata kaza, a rubuta cewa kwamiti ne ya yarda.

Haka maganar mabuɗi na biyu, wato tantancewar da ake ƙarawa bayan kalmar sirri. A Mayun 2021 aka kai hari kan Colonial Pipeline, kamfanin da ke kai kusan kashi 45 cikin 100 na man da gabashin Amurka ke sha. Bututun ya tsaya kusan kwana shida, layin mai ya cika gari, aka biya fansar dala miliyan 4.4. Shugaban kamfanin na lokacin, Joseph Blount, ya gaya wa majalisar dattawa cewa ta wata tsohuwar hanyar shiga daga nesa aka bi, mai kalmar sirri kawai. A Fabrairun 2024 irin haka ta faru da Change Healthcare, mai sarrafa biyan kuɗin asibitoci da kantunan magani. Shugaban uwar kamfanin na lokacin, Andrew Witty, ya amsa gaban majalisa cewa ƙofar da aka bi ba ta da mabuɗi na biyu, kuma an biya dala miliyan 22. Bayanan mutane kimanin miliyan 190 abin ya shafa. Manyan kamfanoni ne masu kuɗi da ma'aikatan tsaro, ƙofa ɗaya ce ta kwana a buɗe. Shi ya sa nake cewa a juya lissafin. Maimakon kason ƙofofin da aka rufe, a rubuta adadin waɗanda suka rage, da sunan manajan da kowacce ke ƙarƙashinsa.

Kason ma'aikatan da suka yi horo shi ne ya fi sauƙin cikawa. Sashen kula da ma'aikata ya ce wanda bai gama ba za a riƙe masa alawus, kafin Juma'a an kai kashi 100. Mutum ya kunna bidiyon yana cin abinci, ya danna gaba har ƙarshe. Masu bincike a Jami'ar California ta San Diego sun bi ma'aikatan asibitinta kimanin 19,500 na tsawon wata takwas suna aika musu saƙonnin tarko na gwaji. Sakamakon da suka fitar a 2025 ya nuna ba a ga wani bambancin kirki tsakanin wanda ya yi horon shekara kwanan nan da wanda ya daɗe bai yi ba, horon da ake nuna wa mutum nan take bayan ya faɗa tarko kuma ragin da ya kawo bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ba cewa nake a daina koyarwa ba. Takardar halarta ce ba ta nuna abin da mutum zai yi ranar da saƙon gaske ya shigo.

Abin da zan so darakta ya gani a nan shi ne minti nawa ake ɗauka kafin ma'aikaci na farko ya kai rahoton saƙon da bai yarda da shi ba, kuma cikin waɗanda suka danna, nawa ne suka zo da ƙafarsu suka faɗa. Wannan yana da nauyi na musamman a ofisoshinmu. Ƙaramin ma'aikaci da ya gane ya danna abin da bai kamata ba, kunya da tsoron oga sukan sa ya yi gum, yana addu'a kada a gane. Awannin da ya yi shiru su ne awannin da ɓarawo ke buƙata. In adadin masu kawo kansu yana ƙaruwa, alama ce mutane sun yarda ba za a tozarta su ba. Gyara wannan ɗabi'a daga sama yake farawa, saboda haka aikin daraktoci ne kai tsaye.

Takardun shaida ba zan daɗe a kansu ba. Suna da amfani, hukuma tana nema, abokan hulɗa suna nema. Amma kantunan Target na Amurka sun samu shaidar cika ƙa'idar tsaron katin biyan kuɗi a Satumban 2013, kafin ƙarshen Nuwamba an fara kwashe lambobin kati, har suka kai miliyan 40. Odita yana zuwa ranar da aka san zai zo, ya duba abin da aka ce ya duba. Takardarsa shaidar wannan rana ce.

Wurin da na fi jin tsoron shawarar Malam shi ne haɗa komai a fitar da maki ɗaya da launi ɗaya. Wa zai shafa launin? Wanda ake auna aikinsa. Wa zai tsai da iyakar da kore ke komawa rawaya? Shi ɗin dai. Ba ina zargin kowa da ha'inci ba ne, halin ɗan Adam ne. Masanin tattalin arzikin Ingila, Charles Goodhart, ya lura tun 1975 cewa duk ma'aunin da aka mayar abin da ake saka wa mutum ko a hukunta shi a kansa, yakan daina faɗin gaskiya. In ƙarin albashin mutum ya rataya a kan kore, kore za a gani. Haɗawar kuma tana narkar da haɗari: abu tara masu kyau su haɗiye ɗaya mai kisa, maki ya fito 85, daraktoci su yi wa rogo kallon kitse. In dole sai an sa launi, to kwamiti ne zai tsai da iyakokin tun farkon shekara, sashen binciken cikin gida kuma ya riƙa tabbatar da lambobin, kamar yadda yake yi wa lissafin kuɗi.

Na san amsar Malam, don ya riga ya faɗe ta: ba za su gane ba. A nan ina ganin bai yi wa dattawan nan adalci ba. Daraktan banki a Najeriya yana zama ya karanta kason bashin da ya ƙi biyuwa, ya san Babban Banki ba ya son ya wuce kashi 5 cikin 100. Ya san kason kuɗin hannu da aka wajabta wa bankin kasuwanci kashi 30 ne. Yana tambayar manyan masu bashi ashirin su wane ne, me suka ajiye jingina. Ba a haife shi da wannan ilimi ba, koya ya yi, saboda an ci gaba da kawo masa lambobi iri ɗaya kowane zama har ya saba da su. Kuma babu shugaban sashen bashi da zai shiga ɗakin nan ya ce, ranka ya daɗe, mun ƙi amincewa da takardun neman bashi 40,000 a wata ukun nan, ya zauna. Za a ce masa mun ji, wanda ka bayar fa, nawa ne bai dawo ba? Irin wannan tambayar nake so a saba musu da yi wa sashen tsaro. In an yi musu bayani da awa da kwana da naira, ba sa buƙatar sanin yadda manhaja ke aiki.

Lambar da zan sa a saman shafin, wadda Malam bai ambata ko sau ɗaya ba, ita ce ta farfaɗowa. Ranar 27 ga Yunin 2017 manhajar ɓarna da ake kira NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Denmak, ta kashe kusan komai cikin ɗan lokaci. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin tashoshin ruwa ba a san kayan wa ke cikin wace kwantena ba. Kamfanin yana da na'urori kusan 150 masu riƙe da rajistar wane ne wane da abin da aka yarda ya taɓa, kowacce tana kwafar 'yar'uwarta, an ɗauka in ɗaya ta mutu saura suna nan. Ba wanda ya shirya wa ranar da duk za su mutu tare. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin ɓarnar ta iso. Ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya hau jirgi da faifan zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban kwamitin daraktocin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya ce sai da suka sake ɗora kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ɗaukewar wuta ce ta ceci kamfanin da ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin duniya a lokacin.

Na taɓa yin aiki da wata ma'aikata inda rahoto ke nuna kwafin ajiya yana kammala lafiya kowane dare, wata bayan wata. Da muka ce a ɗauko kwafin a tayar da tsarin daga gare shi a ɗakin gwaji, sai aka tarar mabuɗin buɗe kwafin yana cikin na'urar da ake cewa ta mutu. Abin da takarda ta ce awa huɗu ya ci kwanaki. Ba wanda ya yi ƙarya a rahoton, kwafi kam ana yi, dawo da shi ne ba a taɓa gwadawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi ayyuka biyar ko shida da kamfani ba ya rayuwa sai da su, a rubuta wa daraktoci layi ɗaya a kan kowanne: awa nawa muka yi alkawarin dawowa, awa nawa muka ɗauka a gwajin ƙarshe, kuma ranar nawa ga wata aka yi gwajin. Wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da cefanen gida ya koma kan tiransifa da na'urar POS, ya san abin da awa shida na tsayuwar banki ke nufi ga mai shayi da mai nama.

Bayan ita sai saurin ganowa. Rahoton IBM na 2024 ya ce a matsakaici kamfanoni na ɗaukar kwana 258 kafin su gano kutse su shawo kansa. Doka kuwa awanni take ƙirgawa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba kamfani awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC in kutsen zai iya cutar da masu bayanan, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoto daga kwana bakwai zuwa awa 72. Saboda haka a ɗauko ƙwararru daga waje su gwada shiga ba tare da masu gadi sun sani ba, a gaya wa daraktoci bayan awa nawa aka gan su, bayan awa nawa labari ya kai kunnen manajan darakta. Ganin ma bai isa ba in babu mai tashi. A Target na'urar tsaro ta yi ƙara, ma'aikatan da ke sa ido daga Bangalore ta Indiya sun sanar da hedikwata, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba.

Kutsen Target ɗin ta hannun ɗan kwangilar na'urorin sanyaya wuri aka fara shi, da kalmar sirrinsa aka shiga. Rahoton Verizon na 2025 ya ce kashi 30 cikin 100 na kutsen da suka nazarta akwai hannun wani kamfani na waje a ciki, ninkin na shekarar da ta gabata. Da ɗan gari akan ci gari. Layi biyu sun isa a nan: 'yan kwangila nawa ne ke da hanyar shiga cikin tsarinmu, da kuma asusun tsofaffin ma'aikata nawa ne har yanzu ke aiki bayan masu su sun bar aiki.

Sai kuɗi. Daraktoci da kuɗi suke tunani, kuma daidai ne. Ina goyon bayan a kawo musu ƙiyasin asara na abubuwa biyu ko uku mafiya muni: tsarin biyan kuɗi ya tsaya kwana uku, ko bayanan abokan hulɗa su fita. A lissafa cinikin da za a rasa, da tara, da kuɗin gyara, a cire abin da inshora zai biya da gaske bayan an karanta sharuɗɗansa. Amma a faɗe shi a matsayin daga kaza zuwa kaza, tare da zaton da aka gina shi a kai. Na yarda wannan ne ɓangaren da ya fi rauni a abin da nake kawowa, don ƙiyasi ne, kuma mai son a ƙara masa kasafi zai iya kumbura shi. Maganinsa shugaban sashen kuɗi ya sa hannu a kai tare da na tsaro.

Na bar maganar kwantar da hankali zuwa nan don ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na fahimci inda ta fito. Tarbiyyarmu ce ba a shiga gaban manya da mugun labari gatsal, kuma akwai 'yan tsaron da suka mayar da tsoratarwa hanyar neman kasafi, su ma ban goyi bayansu ba. Amma ladabi a yadda ake faɗa yake, abin da za a faɗa kuwa haƙƙin mai amana ne. Tsarin tsaron intanet da Babban Bankin Najeriya ya fitar wa bankuna a 2018, ya sabunta a 2024, kan kwamitin daraktoci ya ɗora alhakin. Hukumar NIST ta Amurka da ta sabunta nata tsarin a Fabrairun 2024, sabon ginshiƙin da ta ƙara na shugabanci ne. Bayan abin da ya faru a Target shugaban kamfanin ya sauka a Mayun 2014, kamfanin ISS mai ba masu hannun jari shawara kuma ya nemi a kayar da bakwai cikin daraktoci goma. Sun tsira a zaɓen, amma sunayensu ne suka shiga jarida. Shugaban Equifax ya sauka a Satumban 2017, kamfanin ya amince da biyan har dala miliyan 700 a 2019. Mutumin da za a kira ya amsa tambaya ranar da abu ya ɓaci, ɓoye masa halin da ake ciki cutarwa ce, ko da niyyar girmamawa aka yi.

Alƙaluman Malam huɗu ba na zubarwa ba ne. Shugaban sashen tsaro ya riƙa duba su kowane mako, da su zai san inda zai tura ma'aikatansa. Kuma na san ƙaramin bankin al'umma ko asibiti mai zaman kansa ba lalle ya iya biyan ƙwararrun gwajin kutse ba. Amma ƙirga asusun da ba su da mabuɗi na biyu, da gwada dawo da kwafin ajiya sau ɗaya a wata uku, lokaci kawai suke ci.

Malam, kana da masu karatu a ɗakunan da ni ba na shiga, shi ya sa nake roƙonka ka sake duba shafin nan ka gyara musu shi. Ku kuma iyayenmu daraktoci, in an kawo muku takarda kore shar a zama na gaba, ku yi wa mai gabatarwa godiya, sannan ku tambaye shi ƙofa nawa ce ta rage a buɗe, wa ke da alhakinta, kuma ranar nawa ga wata aka gwada tayar da kamfanin nan daga kwafin ajiya. Ku sa sakatare ya rubuta amsar, ku sake tambaya bayan wata uku.